Ƙafa Ta Ƙona, Baki Ya Mayar: Lissafin Rage Ƙiba

Maigida da uwargida, ku karanta wannan takarda, ku kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

A zamanin da, mutumin ƙauye idan zai ci kasuwa a birnin Zariya da ƙafa yake zuwa. Ya shiga ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana da kaya a ka, ya koma gida da ƙafa. Mata kuwa su yi surfe, su yi daka, su ja ruwa a rijiya. Yanzu ga babur, ga injin niƙa. Wahala ta ragu, amma abinci bai ragu ba. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya ajiye shi ya zama kitse. Mutane suna cewa teɓa alamar hutu ce. To, ku sani ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa.

Mene Ne Kalori?

Abinci ga jiki kamar itace ne ga murhu. Ma'aunin ƙarfin da ke cikinsa shi likitoci ke kira kalori. Ko kana zaune jikinka yana ƙona shi, amma kaɗan kaɗan.

Yadda Ake Lissafi

Da fari ka hau sikeli a asibiti ka san nauyinka. Mai zaune yana ƙona wajen kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa guda. Tafiya da sauri tana ninka wannan wajen sau 4. Noma da fartanya, ko daka a turmi, wajen sau 5. Tuƙa keke da ƙarfi wajen sau 6. Wannan kintace ne, gama jiki ya bambanta.

Ga misali. A ce nauyinka kilo 80 ne. Ka fito daga Ƙofar Doka, ka miƙe cikin birni da sauri har rabin awa. Ka ƙona kalori 160 ke nan. Amma da ka zauna a zaure ma da ka ƙona 40. Ashe ribar tafiyarka 120 ce.

Yanzu dubi abinci. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120. Ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi tana da wajen 140. Idan ka gama tafiyar nan ka tsaya ka sha kwalba guda don gajiya, abin da ƙafa ta ƙona a rabin awa baki ya mayar da shi a minti biyu, har da ƙari.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori wajen 7,700. Da tafiyar rabin awa kaɗai, sai ka yi fiye da wata biyu kullum kana yi kafin kilo guda ya sauka. Kada wannan ya karya maka zuciya. Idan ka haɗa tafiya da rage mai da sukari, lokacin zai ragu ƙwarai. Ko da sikeli bai motsa ba, tafiya tana ƙarfafa zuciya, tana taimakon jiki wajen sarrafa sukari.

Abin Da Za Ku Yi

1. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato rabin awa, kwana biyar.
2. Ka yi tafiya da sassafe ko bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Saurin da ake so shi ne numfashi ya ƙaru, amma kana iya magana.
3. Da rani, in aikin gona ya ƙare, kada ka ci malmalar tuwo irin ta damina.
4. Uwargida, in ba kya fita, ki zaga tsakar gida, ki yi shara da daka. Ki riƙa auna man miya da cokali.
5. Ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu. In ba ta zagaye cikinka ba, teɓa ta yi yawa.

Gargaɗi

Wannan magana ba ta shafi yara, da masu ciki, da ramammu ba. Su ƙarin abinci suke bukata. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita kafin ya soma. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, yana yawan ƙishirwa da fitsari, kada ya yi murna. Ya tafi asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a auna jininsa.

Ku soma gobe da safe. Sannu ba ta hana zuwa.