Abin da Yaro Ke Koya a Bakin Ruwan Abhur

Abhur wani reshe ne na Bahar Maliya da ya kutso cikin ƙasa a arewacin Jidda, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar gari. Ruwansa a kwance yake, shi ya sa iyalai ke kai yaransu can idan rana ta yi sanyi. A nan ne Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta ajiye tsangayarta ta nazarin teku. Sai dai akwai wani karatun da ake yi a bakin gaɓa, na 'yan shekara uku zuwa biyar masu bokiti da kofin roba, wanda manya ba su cika lura da shi ba.

Dubi yarinya tana juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa siririyar gora. Ruwan ya hau sama, sai ta ce ya ƙaru. Ta mayar da shi kofi, ga shi yadda yake. Ta tsaya, ta sake juyewa. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan Suwizalan, ya nuna cewa yawancin yara sai wajen shekara bakwai suke gane cewa ruwan bai ƙaru ba, mazubin ne ya sauya. Ba da hadda ake gane wannan ba, sai hannu ya juya ya kuma juyawa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, ta sa zuba ruwa cikin darussanta, domin yatsun da suka iya tsiyaya ruwa ba tare da ɓari ba su ne za su riƙe alƙalami. A nan kuma yaro ke tsintar kalmomi: ya cika, rabi ne, ya nutse.

Mu kuwa a gida abin da yaro ya fi ji shi ne, "Kai, za ka jiƙa kayanka!" Wannan tsawar tana damuna, don darasi take katsewa. Ba sai an je teku ba. A Kano ko Maraɗi, baho da ƙwarya da ludayi sun isa.

Amma da sharaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa, kuma ruwa kaɗan ya isa. Kududdufi kuwa gidan tsargiya ne. Don haka iyaye da malaman renon yara, a ba su ruwa mai tsabta, babba ya zauna kusa, a zubar da ruwan da zarar an tashi.