Waƙar gayya

A Tsarnawa, da Malbaza, da Illela, in ruwa ya zauna, haki ba ya jiran kowa. Mutum guda ba ya iya nome babbar gona kafin haki ya ci ƙarfin hatsi. Don haka kakanninmu sunka ƙago gayya.

Mi ake nufi da gayya? Mai gona ya kai goro, ya kira samarin gari. Su zo da hauyoyinsu, su yi mishi noma. Ba a biyansu kuɗi, sai hura da tuwo. Wata rana su koma gonar wani. Tsoho da marar lafiya da surukai, duk ana yi musu gayya.

To, mi waƙa take yi a nan? Manoma suna jerawa. Makaɗi yana biye da su da gangar noma. Shi yana ba da waƙa, ƴan amshi suna karɓawa. Hauyoyi suna sauka tare, bisa kiɗi. Wanda ya yi gaba, a yi mishi kirari, a ambaci ubanshi da kakanshi. Wanda ya yi baya, a yi mishi zambo, a yi dariya, ya ƙara himma. Haka yaro yake jin sunayen mutanen da, ya san wa ya haifi wa.

Mata ma suna da nasu. Suna waƙa wurin daka da niƙa. Ƴan mata suna gaɗa a dandali in akwai farin wata. Abin da baki ke jin nauyin faɗi, waƙa tana faɗin shi ba tare da faɗa ba.

Kokowa ma ba ta daɗi sai da kiɗi. Gasar kokowa ta ƙasar Nijar ta farko, a Tawa anka yi ta, shekarar 1975. Har yau makaɗa suna wasa ƴan kokowa a fili.

Yanzu gayya ta rage. Samari da yawa suna tafiya cin rani. Mai kuɗi yana ɗaukar ƴan ƙwadago. Amma tsohon da ba shi da kuɗi fa, wa za ya nome mishi gona?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tunda kun iya rubutu, ku je wurin tsofaffi. Su rera muku waƙar noma ko ta daka, ku rubuta, ku koya wa ɗiyanku.