Gwajin Iri Kafin Shuka: Darasin Ɗaliban Aikin Gona

Manomi, a Samaru kusa da Zariya an fara binciken aikin gona tun 1922, kuma a nan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗaliban da ke karatun noma ba a aji kaɗai suke koyo ba, sai sun shiga gona. Cikin abubuwan da ake koya musu akwai gwajin iri kafin shuka. Kai ma za ka iya yinsa a gida, ba ko kwabo.

Me ya sa? Irin da ya sha danshi a rumbu, ko ƙwari suka huda shi, ba ya tsirowa sosai. In ka shuka shi, sai ka ga giɓi a kunya, ka koma kana dashe, ruwan farko kuma ya wuce ka.

Ga yadda ake yi, mako biyu kafin shuka:

1. Ɗebo ƙwaya 100 na masara ko dawa daga sama, tsakiya da ƙasan buhu. Kada ka zaɓi masu kyau kaɗai.
2. Jera su cikin kasko mai yashi, ka rufe da ɗan yashi.
3. Ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Kada ruwa ya kwanta.
4. Bayan kwana 7, ƙirga waɗanda suka tsiro.

In 85 ko fiye sun tsiro, irinka na da kyau. In sun kai 60 amma ba su kai 85 ba, ƙara yawan iri a rami. In ba su kai 60 ba, nemi wani iri tun da sauran lokaci. Tuntuɓi malamin gona na yankinku.