Tarihin Kulob ɗin Masoya Sumayya a Unguwarmu

Duk wadda ke kwana a makarantar nan ta san irin gardamar da kan tashi a ɗaki idan an dawo daga hutu. Wannan ta ce 'yar wasan da take so ta fi kowa iya kuka, waccan ta ce tata ta fi iya ɗaurin ɗankwali, wata kuma ta bugi ƙirji ta ce ita 'yar kulob ɗin masoyan wance ce. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo tarihin wani kulob irin wannan da aka yi a unguwarmu, nan Babban Mutum, wanda na ga tashinsa, na kuma ga abin da ya zama.

Da farko dai, wannan al'ada ba yau ta fara ba. Babana ya gaya mini cewa a zamanin samartakarsu abin da ake yayi shi ne shirin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna, gidan da aka kafa a 1962. Mutum zai sayi kati ya rubuta sunayen waɗanda yake son gaisarwa, a karanta a rediyo, a sa masa waƙa. Sannu a hankali masu aika katin suka riƙa kafa ƙungiyoyi gari gari, suna zuwa wa juna biki da suna, alhali a da sunan juna kawai suke ji. A talabijin kuwa akwai su Samanja da Ƙasimu Yero, sai dai akwatin bai yawaita a ƙauyuka ba. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya fara shiga gidaje. A 1999 mujallar Fim ta fito, mutane suka samu hotunan 'yan wasa suna mannawa a bango, suna kuma aika wasiƙun yabo. Daga baya aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ta kawo wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa.

A nan ne abin ya sake salo. Fim ɗin kaset awa biyu ko uku ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Amma wasa mai dogon zango kowane mako yana dawowa, kuma ana yanke shi daidai inda rai ya fi so. Kwana bakwai mutum zai yi yana tunanin abin da zai biyo baya. Kafin a ankara, wadda ake gani a akwati ta zama kamar maƙwabciya.

To, a 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, yayata da ƙawayenta suka dawo gida ba aikin fari ba na baƙi. A shekarar ce aka fara nuna Labarina, wanda Aminu Saira ya ba da umarni, inda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayin Sumayya. Gida ɗaya ne a layinmu ke da janareta da na'urar kama tashoshi, watau gidan wata dattijuwa da muke kira Inna. Ran Juma'a da dare sai tsakar gidanta ta cika. Matsala ɗaya ita ce man janareta. Don haka 'yan mata goma sha huɗu suka yanke shawarar kowacce ta riƙa kawo naira hamsin duk mako. Da kuɗi suka shigo sai aka ga ana bukatar mai riƙewa. Aka naɗa yayata ma'aji, aka naɗa babbar ƙawarta shugaba, aka samu magatakarda mai rubuta sunaye a littafin makaranta. Da yake dukkansu bayan Sumayya suke, sai suka ce su kulob ɗin masoyanta ne. Ni a lokacin shekarata goma sha ɗaya, aikina shimfiɗa tabarma da zuwa sayen gyaɗa.

Kulob ya yi ƙarfi ƙwarai. Aka sa tarar naira ashirin ga mai zuwa a makare. Da ƙaramar salla suka yi anko. Da kuɗi suka yi rara, sai aka fara ajiyewa a asusu, aka kai gudummawa bikin ɗaya daga cikinsu. Abin mamaki shi ne, duk wannan hidima babu wadda ta taɓa ganin 'yar wasan ido da ido, ita ma ba ta san da zamansu ba.

Ana nan, a 2022 Nafisa Abdullahi ta sanar da fitarta daga shirin, daga baya Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya. Wannan ba baƙon abu ba ne a sana'ar wasan kwaikwayo, don kowa na da uzurinsa. Amma a tsakar gidan Inna sai ya zama fitina. Shugaba da mutum biyar suka ce su 'yar wasan suke so, tunda ta tafi a fasa asusu a ba kowa rabonta. Yayata da sauran suka ce su labarin suke bi, kuɗi kuwa na mai ne. Magana ta yi zafi, har aka ce yayata ta ci kuɗin kulob. Ranar ta dawo gida tana kuka, ta ƙi cin tuwo. Ita da ƙawarta, waɗanda tare suka yi makarantar allo, suka yi wata uku ba sa ga maciji.

Inna ce ta kashe wutar. Ta tara su, ta sa magatakarda ta karanta littafi daga farko har ƙarshe, aka ƙirga kuɗi, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Sa'an nan ta dube su ta ce, "'Ya'yan nan, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, wa ya kai miki kunu? Wadda ke cikin akwati ko wadda ke kusa da ke a tabarma?" Kowa ta sunkuyar da kai. Shugaba ta tashi ta nemi gafarar yayata. Daga ranar aka bar sunan kulob, aka mai da tarin kuɗin adashi. Da kwasar yayata ta zo, ta haɗa da abin da Baba ya ba ta ta sayi keken ɗinki. Yawancinsu sun yi aure yanzu, amma adashin yana nan.

Abin da na fahimta shi ne, 'yar wasa sanadi ce kawai. Abin da ya haɗa 'yan Zaɓi Sonka shi ne ya haɗa su yayata, watau zumunci, wanda Hausawa suka ce a ƙafa yake. Ba laifi ba ne a yaba wa mai sana'a idan ya iya sana'arsa. Laifin shi ne a ɓata da ɗan'uwa na kusa saboda wanda bai san ana yi ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu rage gardamar dare, mu tuna jarrabawa na tafe, kuma babu tambaya a kan Sumayya a cikinta. Iyayenmu kuma, idan kun ga yaranku sun taru a kan irin wannan, kada ku kore su kawai. Ku zauna kusa kamar yadda Inna ta yi, ku ji abin da suke kallo, ku duba littafin kuɗinsu. Allah ya ba mu sa'a, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyar