Shawarar da ba ta jin sassaƙe

A Kasuwan Garba da ke Ƙaramar Hukumar Mariga, cikin masarautar Kontagora, idan idon dattijo ya yi rawaya, sunan cutar ɗaya ne: shawara. Sai a nemo sassaƙe da saiwoyi. Sau da yawa ciwon hanta ne. Amma idan ta zo babu zazzaɓi, tare da ƙaiƙayi, fitsari ja, bayan gida fari-fari da rama, likitoci kan zargi fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi tana samar da ruwan narkar da abinci da sinadarin insulin. Ƙarin da ya tsiro a jikinta kan toshe magudanar ruwan matsarmama.

Sankarar nan iri biyu ce manya. Kusan kashi 90 cikin ɗari tana farawa ne a magudanan ruwan narkar da abinci. Ita ce mai saurin yaɗuwa, kuma akasari ba a gano ta sai ta wuce aikin tiyata. Ɗayar tana fitowa daga ƙwayoyin da ke samar da sinadarai irin su insulin, kuma ta fi jinkiri. Ita aka gano a jikin Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, a 2003, ya rayu har 2011. Hoton CT da gwajin tsokar ƙarin ne ke bambance su, abin da yakan kai majinyacin karkara Zariya, Sakkwato ko Abuja, bayan watanni sun tafi a jiƙe-jiƙe.

Bincike ya fi karkata ga ƙwayar halitta mai suna KRAS, wadda ke gurɓacewa a fiye da kashi 90 na nau'in farko. Shekaru da dama an kasa samun maganin da zai kama ta, yanzu ana gwada wasu. A 2023 masana a New York suka bayyana sakamakon allurar mRNA da ake haɗa wa kowane majinyaci tasa: cikin mutum 16, garkuwar jikin 8 ta amsa. Adadin kaɗan ne, kuma duk sai da aka yi musu tiyata tukuna.

A gida kuwa, Asusun Tallafa wa Masu Sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Fankiriyas ba ta cikin jerin, don haka kuɗin hoto, mota da masauki kan faɗo ne kan ɗan uwan da ke karɓar albashi a Abuja.