Mutumin da ya bi garken karibu da na'urar ɗaukar hoto

Jama'a, manoma da makiyaya, labarin wannan wata daga nesa ya fito. Can arewacin duniya akwai wani yanki na ƙasar Amurka da ake kira Alaska. Sanyin wurin ba irin na hunturu ba ne. Masu awon zafi da sanyi suna da wata lamba, sifili, inda ruwa yake daskarewa ya zama ƙanƙara. A Maraɗi ko Damagaram, lokacin bazara, awo yakan hau 40 bisa sifili. To, a tsakiyar Alaska, lokacin sanyi, yakan sauka 40 ƙasa da sifili. A can ƙuryar arewa kuma rana takan yi wata 2 ba ta fito ba.

A wannan wuri ne wani mutumin Japan, Miciyo Hoshino, ya yi shekara 18 yana ɗaukar hotunan namun daji. An haife shi a 1952. Yana saurayi ya ga hoton wani ƙauyen Alaska mai suna Shishmaref cikin littafi. Bai san kowa ba a can. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga mai gari, ya roƙi a ba shi masauki. Bayan kamar wata 6 amsa ta zo, aka ce ya taho. A 1973 ya je ya yi wata 3 tare da su, yana cin abin da suke ci. Da ya koma gida sai ya shiga koyon aikin hoto. A 1978 ya dawo Alaska, ya shiga jami'ar garin Ferbankis don karatun sha'anin namun daji.

Dabbar da ta fi jan hankalinsa ita ce karibu. Ta yi kama da barewa, amma ta fi ta girma sosai, kuma ƙahonta yana da rassa kamar itace. Namiji da tamata duk suna da ƙaho. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, karibu kan tone ta da kofato, ya ci wata irin gansakuka da ke ƙarƙashi. Ba mai kiwon su, amma tafiyarsu irin ta makiyayi ce. Kowace shekara suna hawa arewa zuwa filin bakin teku, su haihu a farkon watan Yuni, daga baya su gangaro kudu. Garke guda da aka ƙidaya a 2017 ya kai dabba 218,000.

Mai karatu zai ce wanda zai ɗauki hoton garke irin wannan ai ba shi da wahala. Akwai wahala, mai yawa ma. Filin yana da faɗi ƙwarai, ba hanyar mota, ba ƙauye. Kuma hanyar da garke ya bi bara ba lalle ita zai bi bana ba. Ƙaramin jirgin sama ne yakan kai Hoshino ya ajiye shi da tanti da guzuri, ya juya. Daga nan sai jira, shi kaɗai, mako da makonni. In ya zaɓi wuri daidai, wata rana sai ya ga garke ya ɓullo. In bai dace ba, jirgi ya zo ya ɗauke shi hannu wofi, sai kuma baɗi.

Duk makiyayi ya san abin da ke cikin wannan. Wanda bai san halin dabba ba, ba ya sanin inda za ta kwana, balle inda za ta sha ruwa. Mai ɗaukar hoto shi ma dole ya san lokacin haihuwa da lokacin barbara. Dole ya lura da iska kamar maharbi, ya zauna inda ba za ta kai warinsa ga dabba ba. Yana da dogon gilashi a bakin na'ura mai jawo nesa kusa, amma gilashi ba ya kiran dabba.

Sanyi kuma ba ya ƙyale kayan aiki. Pil irin na rediyo yakan mutu da wuri, shi ya sa ake ɓoye shi cikin riga, kusa da jiki. Fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a wancan zamani yakan ƙage ya karye. Numfashin mutum in ya taɓa gilashi sai ya daskare a kai. Ƙarfe kuwa, in an kama shi ba safar hannu, yana liƙe wa fata.

Tsuntsaye ma suna da nasu sha'ani. Akwai wani mai kama da fakara, lokacin sanyi yakan rikiɗe fari fat, da zafi ya koma ruwan ƙasa. Sai mai ido sosai ke ganin sa. Tsuntsayen can da yawa a ƙasa suke yin sheƙa. Mai hoton da ya matsa har uwa ta tashi daga kan ƙwai ya yi ɓarna, don ƙwan zai huce, ko wani tsuntsu ya sha shi. Hoto ɗaya bai kai wannan asara ba.

Hotunan Hoshino sun fito cikin littattafai da mujallu. A 1990 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu ɗaukar hoto a Japan.

Akwai kuma wata dabba da ya daɗe yana bi, wadda masu Faransanci ke kira urs. Tana da gashi mai kauri da manyan farata, babban namiji kan wuce kilo 400. Shekara da shekaru yana ɗaukar hotonta a Alaska, har ya yi littafi a kanta a 1985. A 1996 ya tafi tare da ma'aikatan talabijin zuwa yankin Kamcatka, a gabashin Rasha, bakin tabkin Kuril. Nan ne waɗannan dabbobi ke taruwa cin kifi. Amma akwai ɗaya da ya riga ya saba zuwa wurin mutane neman abinci, tsoro ya fita daga ransa. Abokan tafiya suna kwana cikin ɗakin katako, shi kuwa Hoshino cikin tanti a waje. Ranar 8 ga watan Agusta, kafin gari ya waye, dabbar ta faɗa wa tantin ta kashe shi. Yana da shekara 43. Ya bar mata da ƙaramin ɗa. Daga baya aka harbe dabbar.