Tarkon Iyakar Batu a Tambayoyin Auna Hujja: Matsalar Kalmar “Wasu”

A 1948 aka fara jarrabawar LSAT, wadda masu neman gurbin karatun lauya a Amurka ke rubutawa. Tun daga watan Agustan 2024, biyu daga cikin sassa ukun da ake ba wa maki na auna hujja ne. Akan kawo ɗan gajeren bayani, a biyo shi da tambaya da zaɓi biyar. Zaɓin da ya fi kayar da ɗalibi shi ne wanda ya yi kama da gaskiya, alhali ya zarce iyakar abin da bayanin ya faɗa.

A ɗauki wannan misali: “Wasu manoman da suka shuka sabon iri sun sami ƙarin amfani bana.” Zaɓin da ya ce irin yana amfanar kowane manomi ya faɗaɗa adadi. Wanda ya ce za a sami ƙari baɗi ya tsallake lokaci. Wanda ya ce irin ne ya jawo ƙarin ya ƙago dalilin da ba a ambata ba. Mai lura kan gane waɗannan da zarar ya tambayi kansa: su wa ake magana a kansu, su nawa, kuma yaushe?

Na huɗun ne mai wuya: “Wasu manoman ba su sami ƙari ba.” Kunne zai amince da wannan nan take, domin a zancen yau da kullum wanda ya ce “wasu” ya nuna cewa ba duka ba ne. Irin wannan ma’ana ce Grice ya yi bayaninta a 1975: mai sauraro ke tsinto ta daga hikimar zance, ba ta cikin lafazin kansa. A ilimin manɗiƙi kuwa, kuma shi jarrabawar ke bi, kalmar Ingilishi “some” na nufin aƙalla ɗaya, ba ta kore yiwuwar duka ba.

A ganina tarkon ya fi kama Bahaushe, saboda “wasu” na ɗauke da aiki biyu a harshensa. Tana nuna sashe, tana kuma nuna na daban, kamar a “wasu sun zo, wasu sun ƙi”. Ɗalibin da ke fassara tambayar a zuci yakan ji “wasu” ta biyu tana tafe ko da ba a furta ta ba. Malamin da ke shirya irin wannan ɗalibi zai fi dacewa idan ya sa shi maye gurbin kalmar da “aƙalla ɗaya” kafin ya duba zaɓin.